Kwalaben da Suka Kwana a Ƙanƙara

"Ba zan yi wa ɗan kowa allura da wannan ba, Mama."

Kowa a ɗakin rigakafi ya juyo. 'Yar Kwas ce ta yi maganar, ƙaramar nas ɗin da aka laƙaba wa wannan suna tun da ta dawo daga horon sati biyu. Wadda take faɗa wa kuwa Babbar Sista ce, shugabar ƙaramin asibitin mai shekara talatin a bakin aiki, kuma uwar Auta, saurayin da zai turo magabatansa gidansu 'Yar Kwas ƙarshen wata.

Jiya ne wutar lantarki ta yi ta wasa, sai Babbar Sista ta kwashe kwalaben allurar penta ta jarirai ta tura su ɓangaren ƙanƙara na firji, wai kada zafi ya taɓa su. Da safe ta murza su a tafin hannu har suka narke. A wurin kwas kuwa an maimaita wa su 'Yar Kwas har kunne ya gaji cewa wannan allura in ta daskare ta mutu, ko ta narke ba ta kare yaro daga komai.

"Zafi ke kashe magani ko sanyi?" in ji Babbar Sista. "Ina tsira wa yara allura tun ba ki san hanyar makaranta ba."

Sista Na'am, wadda ba ta taɓa musa wa shugaba ba, kuma ta daɗe tana yi wa kanta sha'awar Auta, ta samu abin da take so. Ta ce ai yaran yanzu sai haƙuri, sati biyu ana ba su shayi a otal sai su dawo suna koya wa kifi iyo.

Takaici ya ishi 'Yar Kwas. Ta fita bayan sito ta kira Auta, tana zaton a nan za ta samu mai fahimta.

"Haba zuciyata... ki ba ta haƙuri kawai. Ki bari mu wuce ƙarshen wata."

"In na ba ta haƙuri, tarin shiƙa ma zai yi wa yaran haƙuri?"

Ya fara wasu kame-kame, wai Mama ba ta son a ƙure ta a gaban mutane, wai ita ma ta san yadda yake sonta. Ta sani mana, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta kashe wayar tun bai kai aya ba.

Da ta koma ɗakin, ta ɗauko kwalba ɗaya mai kyau da ta rage a ƙasan firji, ta haɗa da ɗaya daga cikin waɗanda suka daskare, ta girgiza su tare ta ajiye a bakin taga. Ta roƙi Babbar Sista ta duba kawai: mai kyau za ta daɗe da launin madara, matacciyar kuwa nan da nan za ta kwanta, gari-gari a ƙasa, ruwa a sama.

Babbar Sista ko kallo ba ta kai ba.

"Ɗana ba zai auro min malama ba. Sista Na'am, kira ta farko a layi."

'Yar Kwas ta dubi kwalaben da ke bakin taga. Shekara biyu na soyayya ke nan za su bi ruwa saboda kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Duk da haka ta nufi ƙofa, ta ƙudura za ta gaya wa iyayen da ke layi gaskiya, komai ta fanjama fanjam.

Ba ta kai ga buɗe baki ba ta farko ta shigo. Ashe babbar 'yar Babbar Sista ce, yayar Auta, rungume da jaririnta ɗan sati shida. Sista Na'am ta zuƙi allura daga kwalbar da aka narkar, da rawar jiki, ta buɗe cinyar yaron tana yi masa kirari.

Idon Babbar Sista ya sauka a kan jikanta, daga nan ya zarce taga. Kwalba ɗaya tana nan fara tas. Ɗayar ta rabu gida biyu.

Caraf ta riƙe hannun Sista Na'am.

"Dakata."

Ta fita da kanta ta ba iyaye haƙuri, ta ce su dawo jibi, za a kawo sabon magani. Ta sa aka ware kwalaben duka, Sista Na'am kuwa ta ce ai dama ita ma jikinta bai ba ta ba.

Sai da ɗakin ya watse Babbar Sista ta zauna ta sa tabarau.

"Ke, zo ki sake girgiza min. A hankali, idona ba na da ba ne."

'Yar Kwas ta girgiza, haushi bai gama sakinta ba. Tsohuwar ta ƙura wa kwalaben ido har garin ya kwanta.

"Sati biyu kawai, aka koya muku wannan?"

"Eh, Mama."

"Ni ba wanda ya taɓa tura ni." Ta cire tabarau ta goge ido da gefen ɗankwali. "Ki gaya wa babanki ƙarshen wata ya yi nisa, ranar Asabar muna tafe. Gara 'ya'yan Auta su tashi a hannun mai taurin kai."