Shagon da Ke Cikin Hoto

A ajans, wato tashar motocin Yawunde da ke Garwa, Nafisatu ta fara ganin Nasrullahi, a layin masu aika kaya, kuma abin da ta fara lura da shi shi ne ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya. Waya a kunne, wata a hannu, ga kwalin takalma a ƙasa yana tura shi da ƙafa. Ya fita daga layi ya dawo, ya sake fita ya dawo, gumi kuwa sai tsiyaya yake yi masa.

Ita kwalabenta na turaren wuta da humra suna jere a kwali, kowace an naɗe ta, sunan mai ita a jiki. Ya leƙa, ya gaishe ta da Fulatanci, ya ƙara da Faransanci. Ta amsa masa da Hausa, don ta ji ɗazu da ita yake tsine wa rezo, wato netwok ɗin waya.

"Ashe 'yar gida ce. Ni ma a intanet nake kasuwanci," in ji shi.

"Me kake sayarwa?"

"Wannan watan, takalma."

"Watan jiya fa?"

Ya sosa ƙeya. Agoguna ne, kafin su kuma tabarau da cajar waya. Ta ce a ranta wannan ai guguwa ce, ba ɗan kasuwa ba. Amma da ya roƙi lambarta, wai zai saya wa ƙanwarsa turare, ba ta hana shi ba. Daga baya ta gano ko ƙanwa ba shi da ita.

Nafisatu mutum ce mai tsari har ya yi yawa. Tana idar da sallar asuba take amsa saƙonnin masu saye, tun rezo bai fara iskanci ba. Hoton kayanta da hannunta take ɗauka a tsakar gidansu na Yelwa, kuma abin da ba ta da shi ba ta sa shi a sitatus. Turaren nan da kakarta ta koya mata haɗawa, shi kaɗai ta riƙe, har matan Duwala da Kuseri suka san ta da shi.

Shi kuwa Nasrullahi ya kalli bidiyon sirrin nasara ya fi a ƙirga. Ya san abin da manyan masu arziki suke yi da safe, sai dai shi bai taɓa yin ko ɗaya ya kai mako ba. Abu ɗaya ne bai taɓa fashinsa ba, saƙon da yake aika mata kowane hantsi.

"Sanyin idona, kin tashi lafiya? Na samo wata dabara. Hulunan Kuseri, wallahi wannan karon ita ce."

"Tsuntsuna, lafiya lau. Takalman da ke ƙarƙashin gadonka sun san da maganar hulunan?"

Ta so shi, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda yake ba ta dariya, da yadda yake ɗauke mata kwali ba ta roƙa ba. Amma tsoro bai bar ta ba: mutumin da ke gajiya da komai, me zai hana wata rana ya gaji da ita?

Mahaifinta, Alhaji Badamasi, ɗan kasuwar atamfa ne, kakanninsa daga Kano suka zo da fatauci. A wurinsa mutum shi ne wanda yake da wurin da za a je a same shi. Ranar da Nasrullahi ya zo gaisuwa, bayan ya durƙusa, tambaya ɗaya Alhaji ya yi masa, ina shagonsa yake.

To, ga yadda irin su Nasrullahi suke aiki. Sai su shiga shagon mai sari, su ɗauki hoton kaya, su zuba a waya, in an samu mai so sannan su koma su saya. Kowa a cikinsu ya san haka, ba wanda yake ɗaukar sa ƙarya. Sai dai Nasrullahi ya rikice. Maimakon ya yi wannan bayani, sai ya miƙa wayar, ga shi a hoto yana murmushi, takalma jere a bayansa har rufi.

"Wannan naka ne?" Alhaji ya tambaya.

"Nan nake aiki, Baba."

Bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba, kuma tun bai kai ƙofar gida ba ya fara nadama.

Al'ada ce ba a ba da 'ya sai an yi bincike. Alhaji ya tura ƙaninsa, Baffa Tanimu, babbar kasuwa, shi kuwa bai sha wahalar gano shagon ba. Na Sulaimanu ne, saurayi mai rufin asiri wanda ya daɗe yana satar kallon Nafisatu. Sulaimanu bai yi ƙarya ba, amma ya zuba wa gaskiyar barkono. Ya ce ko ƙusa Nasrullahi ba shi da ita a wurin, hoto kawai yake zuwa ɗauka. Ba a jima ba manyan Sulaimanu suka iso gidan Alhaji da goro.

Alhaji ya kira 'yarsa. Ya ce ba zai yi mata dole a kan kowa ba, amma wanda ya kalli idonsa ya ari shagon wani, shi ba zai ba shi 'ya ba. Ta fito idanunta sun yi ja, ta rubuta masa:

"Ba talaucinka ne ya ba ni kunya ba, Nasrullahi. Da ka ce ba ka da komai, da na tsaya a bayanka. Yanzu me zan ce wa Baba?"

Amsarsa gajera ce. "Kin yi gaskiya. Ki ba ni lokaci, Sanyin idona."

Daga nan shiru. Sitatus ɗinsa da ba ya rabuwa da kaya ya zama fayau, in ta kira sai a ce ba a samunsa. Nafisatu, mai tsari, ta fara aika humrar Marwa zuwa Duwala. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta hau babur zuwa ajans ba ta da kayan aikawa. Ta gama yanke wa kanta hukunci cewa abin da take tsoro ne ya faru, ya ajiye ta a gefen takalma da agoguna. Sulaimanu kuma kullum da yamma yana ƙofar gida, da ladabinsa da turarensa, ita kuwa ko abin da yake faɗa ba ta ji.

Wata safiya hoto ya shigo. Fuska ce a kumbure, ido ɗaya ya rufe ruf, sai da ta duba sosai ta gane Nasrullahi ne.

"Ina bayan garin Poli, a kan dutse, wurin Baba Théodore. Marigayi babana a wurinsa yake sayen gyaɗa. Yana koya mini aikin zuma. Rezo sai na sauko ranar kasuwa. Wannan hoton dai nawa ne, fuskar ma tawa ce."

Ta yi dariya, ta yi kuka, sannan ta rubuta masa faɗa mai tsawo, ta goge rabinsa.

Ita ce ta tsara masa sauran. Ranar kasuwa ya amsa kowa kafin ya ci abinci. Kada ya sa hoton kwalbar da bai cika da hannunsa ba. Masu sayen turarenta su ne suka fara sayen zumarsa, suka gaya wa wasu. Sau da yawa ya rubuto mata da sabuwar dabara, busasshen kifi ko man kaɗe, ta amsa masa da kalma ɗaya, "Tsuntsu," sai ya bar maganar.

Damina ta sauka. Manyan Sulaimanu suka fara ƙorafi, Alhaji ya ce zai ba su amsa. Nafisatu ta durƙusa a gabansa.

"Baba, an yi bincike a inda ba ya nan. Ina roƙon a yi a inda yake."

Alhaji ya aika a kira ƙaninsa. Washegari Baffa Tanimu ya kama hanyar Poli yana mita, ya dawo da taɓo har gwiwa da ciwon baya, ya zauna ya ba da labari. Ya ce ya sami yaron a gindin bishiya yana saƙa amya da ciyawa, duk ya rame ya yi baƙi. Ya ja Théodore gefe, dattijo ne mai furfura da gicciye a wuya, ya tambaye shi tsakani da Allah. Baffa ya kwaikwayi Hausarsa ta kasuwa:

"Alaji, yaron nan surutu, kai. Ranar farko zuma ya harbe shi, ya gudu har rafi, na ce wa madam ba zai dawo ba. Ya dawo. Yanzu zuma ya ƙare, mutane suna kira a waya. Maƙwabcina ya kawo masa wanda an sa sukari, ya ce ba wanda zai sani. Yaron ya rubuta wa mutane duka, ya ƙare, sai baɗi. Ya zauna yana yi mini amya. In ni ne mai 'ya, zan ba shi."

Alhaji ya tambaya ko yaron ya aiko da wata magana. Baffa ya ce e, ya ce a gaya wa Baba shi har yanzu ba shi da shago, kuma abin da ya yi ranar nan ƙarya ce, yana neman gafara.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can ya ce a je a ba mutanen Sulaimanu haƙuri.

Bayan an ɗauke ruwa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Théodore ya sauko daga dutse da tsohon kwat ɗinsa, ya raɓe can bayan jama'a, Alhaji ya aika aka kawo shi kan darduma kusa da shi. Nasrullahi sai mutsu-mutsu yake cikin babbar riga, ana shafa fatiha ya zaro waya.

"An ɗaura, matata. Zan iya shigowa?"

Tana cikin ɗaki a lulluɓe, hawaye na ɗiga a kan lallen hannunta. "Alhamdu lillahi, mijina. Zauna, Baba bai gama ba."

Ya ɗago kai, sai ya ga Alhaji a tsaye a kansa. Ya yi wuf zai durƙusa, tsohon ya riƙe masa hannu bai saki ba.

"Tashi, ɗana. Na ba ka amanarta da zuciya ɗaya. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa albarka a abin da hannunku ya kama, ya ba ku zuri'a mai gaskiya."

Jama'a suka amsa da amin, har da Théodore. Nasrullahi ya kifa goshinsa a bayan hannun surukinsa.