Baƙin Gilashi a Bakin Rijiya

Tun da aka rushe rumfarsa ta bakin titi, Mai Walda ya dawo da injinsa tsakar gida, kusa da tsohuwar rijiya. Garkuwar fuskarsa tana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi mata saƙa. Shi dai in zai ɗana wuta, sai ya runtse ido ya kau da kai. Shekara ashirin haka yake yi.

Ranar yana haɗa wani ƙyaure har rana ta faɗi. 'Yarsa Auta tana zaune a dokin ƙofa, ta zuba wa shuɗin hasken ido.

"Baban Auta, magariba ta yi," in ji matarsa.

"Saura ɗigo biyu."

Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Ƙwas. Ya gangaro gabansa: guntun sandar walda ne, da zafinsa. Wani ya biyo baya. Daga cikin rijiya suke fitowa.

Kafin gari ya waye idanun Auta sun kumbura, tana kuka wai an zuba mata yashi. Kwana uku, kowace magariba sai jifa. A na ukun ta daina kuka, ta yi dariya da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko wani tsohon malami. Ya zauna, ya yi ta karatu a hankali, har yarinyar ta ɗago kai.

"Mun fi shekara ɗari a rijiyar nan," in ji muryar, ta tsohuwa ce, a dushe. "Ko kazarku ba mu taɓa ba. Jikana ya leƙo, walƙiyar mutumin nan ta ƙone masa ido. Na yarinyar nan zan ɗauka in ba shi."

Mai Walda ya ce, "Baiwar Allah, ɗauki nawa."

"Naka? Waɗanda ka riga ka dafa?"

"Yarinya ba ta yi miki komai ba," in ji malamin. "Ita ma wutar ce ta ci ta. Faɗi abin da zai yiwu."

Sai muryar ta sake magana.

"Ya kewaye wutarsa da kwano, kada ido ya ƙara ganinta, namu ko naku. Ya rufe fuskarsa. Jikana kuma a ba shi baƙin gilashi."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kira, "Umma."

Malamin ya miƙe. "Nawa na yi. Gobe ku kai ta wurin likitan ido."

Da safe Mai Walda ya kafa shingen, ya kakkaɓe garkuwarsa, ya ajiye ƙaramin gilashi a bakin rijiya. Kafin la'asar babu shi.

Auta ta warke. Amma har yau, duk ranar da ya ɗana wuta fuska a buɗe, sai ya ji jifan sau ɗaya a kan rufi. Ƙwas.