Kalmomi Talatin da Huɗu da Mansura Ta Yanke

A tsakar gidansu da ke Bungudu, Mansura na zaune kan tabarma, littafin rubutu a cinya, tana bin kalmomi da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Innarta na tankaɗen gari tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Wai ke wanga ƙirga ba shi ƙarewa? Miya na can na kamu."

"Inna, ɗari da talatin da huɗu fa! Kuma kafin azahar za a rufe."

Inna ta girgiza kai, ta tashi ta duba miyarta da kanta. Ta daɗe da sallamawa: ranar Alhamis ba a samun Mansura.

Zauren Kalma Ɗari wani gurup ne na matasa marubuta a waya. Duk mako admin yakan ba da jigo, kowa ya turo labarin da bai wuce kalma ɗari ba, ranar Juma'a a kaɗa ƙuri'a. Ko kalma ɗaya ta ɗara, an fitar da kai. Wanda ya ci sau biyar a shekara yakan je zagayen ƙarshe a Gusau, inda ake buga labaran a littafi. Mansura ta ci huɗu.

A nan ta haɗu da Mannir, ɗan Tsafe mai gyaran waya a Gusau. Shi kam Allah bai ba shi rubutu ba, kullum yana kusa da na ƙarshe, amma ba a taɓa riga shi zaɓen labarin Mansura ba. Tun tana yi masa gyara a fili har gyaran ya koma tsakaninsu su biyu, daga nan kuma ya zama abin da ya zama. An yi gaisuwa, saura manyansa su zo a sa rana.

Jigon wannan makon shi ne "Uwa". Ita kuwa tun ranar da Mannir ya ba ta labarin mahaifiyarsa, Inna Lami, abin ya ƙi barin zuciyarta. Bayan rasuwar baban Mannir, Inna Lami ta ɗauki farantin awara ta fita bakin titin Tsafe, tana rufe fuska da mayafi don kada dangin miji su gane ta. Wata rana bas ɗin ƙanen mijinta, Attahiru, ta tsaya. Ya miƙo hannu ta taga ya karɓi awara, suka haɗa ido, ya kau da kai ya ja mota. Washegari kuwa ya zo da buhun gero, kuma shi ya riƙe marayun har suka girma.

Mansura ta rubuta shi tsaf. Ba ta sa suna ba, amma ta bar Tsafe, ta kuma bar hannun direban mai guntulallen ɗan yatsa, don an koya musu a gurup cewa irin wannan ƙaramin abu shi ke raya labari. Matsalar ita ce kalmomi talatin da huɗu da suka ɗara. Ta rage nan, ta rage can, labarin ya rame. Sai idonta ya faɗa kan sakin layi na ƙarshe, na buhun geron. Ta ƙirga: talatin da huɗu cif. Ta ja masa layi, ta sake karantawa, sai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Yanzu labarin ya ƙare da cewa, "Ya dubi idon matar yayansa, ya kau da kai, ya ba mota wuta."

Ta tura tana murna. Bai zo mata a rai ta tambayi kowa ba, don marubuci in ya ga labarinsa ya yi kyau, yakan manta cewa na wani ne.

Ranar Juma'a ta lashe gasar da rata mai yawa. Aka yi ta turo mata furanni, ana tsine wa direban labarin. Mannir kaɗai ne bai yi zaɓe ba, kuma wayarsa a kashe.

Sai ranar Lahadi bayan la'asar ya zo. Bai zauna a kan tabarmar da ta shimfiɗa masa a zaure ba. Ya gaya mata cewa Zainab, 'yar Baba Attahiru, tana gurup ɗin. Kafin ma Zainab ta ɓoye wa babanta, an riga an ɗauki hoton labarin a waya an watsa, har an karanta wa direbobi a tasha, kuma duk Tsafe babu wanda bai san mai guntulallen yatsa ba. Dattijon ya ce ba zai yi waliccin aure da yarinyar da ta tsiraita shi a duniya ba. Inna Lami kuma ta ce auren da Attahiru ba ya ciki, ita ma ba ta ciki.

"Mansura, ni na ba ki labarin nan, kuma har ƙarshensa na ba ki. Ina ƙarshen?"

"Bai shiga ɗari ba," ta ce. Tana faɗa ta ji rashin nauyin maganar, sai hawaye.

"Mutumin da ya sa ni makaranta ne bai shiga ɗari ba?"

Bai yi mata tsawa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ya ce yana sonta kamar jiya, amma ba zai taka mahaifiyarsa ya zo gare ta ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ta shiga ɗaki ta faɗa jikin Inna tana kuka, tana cewa za ta yi dilit ɗin labarin. Inna ta bari sai da ta lafa, sannan ta ce gogewa ba ta maido abin da mutane sunka riga sunka karanta. Gaban jama'a ta rage wa bawan Allah, gaban jama'a za ta cika mishi.

A wannan karon sai da ta nemi izini. Ta tura wa Zainab saƙo, ta roƙe ta ta tambayi Inna Lami. Amsar ta zo a gajarce: ta yi abin da ta ga ya dace. Mansura ta san dokar Zaure sarai, labarin da ya ɗara ɗari ba ya cin gasa. Duk da haka ta ɗora shi cikakke, har da ƙarshen: "Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gida da buhun gero a kafaɗa. Bai ce komai ba. Tun ranar farantin bai sake fita titi ba, marayun ba su sake kwana da yunwa ba." Ta rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne labarin gaskiya, ita ta yanke shi don ta ci gasa, a janye nasararta, a kuma yafe mata. Admin ya kira ta yana lallashi, ta ce a'a. Haka Gusau ta wuce ta a wannan shekarar.

Daga Tsafe shiru. Mako uku, huɗu, shida. Ta rame, tana zuwa firamaren da take koyarwa tana dawowa kamar wadda ta tashi daga ciwo. Ba ta kira Mannir ba, don ba ta son sa shi tsakanin ta da uwarsa. Wata ƙawarta ta ce ta rabu da mutanen da ba su san adabi ba, ta ce mata su sun san amana, ita ce ba ta sani ba. Addu'a kawai ta riƙe.

Wata ranar Asabar da hantsi, wata tsohuwar bas ta tsaya a ƙofar gidansu. Bayan sun gaisa da babanta, baƙon ya ce a kira masa yarinyar. Ta shigo zaure ta durƙusa, kanta a ƙasa. Abin da ta fara gani shi ne hannun da ke kan gwiwarsa.

"Ɗiyata, karanta mini shi da bakinki. Duka."

Ta karanta, tana tsayawa tana share ido. Da ta kai ƙarshe, Alhaji Attahiru ya ɗago kai ya dube ta.

"Na yi hushi da ke ƙwarai," ya ce a hankali. "Amma da hushin ya kwanta, sai na ga ba ki yi mini ƙarya ba. Na kau da kan. Kunya ta kama ni, na gudu. Shekara ashirin ina kai hatsi gidan nan, ban taɓa buɗe baki na ce Lami ki yahe mini ba. Shekaranjiya na tahi na ce mata."

Babanta ya sunkuyar da kai. Mansura ta kasa riƙe kukan.

"Mi ta ce, Alhaji?" in ji baban.

"Ta ce tun da ta ga buhun ga bisa kahwaɗata ta yahe. Ni ne ban tambaya ba." Ya goge fuska da hannun riga, ya jawo ƙullin goro daga gefensa ya tura gaban baban. "Mun zo a sa rana. Ɗan naka na cikin mota, kunya ta hana shi hitowa."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, Alhaji Attahiru ne waliyyin ango. Mansura ta koma Zaure, har ta je Gusau a shekarar da ta biyo baya, Mannir kuma yana nan kusa da na ƙarshe, yana zaɓen matarsa. Darasin da ta ɗauka ba ta gajiya da faɗa wa sababbin shiga: labarin da aka ba ka amana ne, ka nemi izini kafin ka fitar da shi, kuma in ka yi kuskure ka gyara a inda ka ɓata, ka yi haƙuri da abin da zai biyo baya. In alherin mutum bai shiga kalma ɗari ba, ka haƙura da gasar.