Farar Ɗamarar Morihiro

Ranar da makarantun karate suka fito babban titin birnin Naha don nuna gwaninta Chinatsu ta fara ganin Morihiro. Ya kafe ƙafafu yana fesar da numfashi da ƙarfi irin na salon Naha, ita kuwa 'yar salon Shuri ce, masu sauri ba hayaniya. Dariya ta kufce mata.

"Ɗan'uwa, asma ce ta tashi?"

"Ke na hango, numfashin ya sarƙe," in ji Morihiro.

Shi ke nan fa. Kafin shekara ta zagayo ba mai iya cin abinci bai ji muryar ɗaya ba.

Sai dai mahaifinta, tsoho Tamanaha, ba shi da ɗa namiji. Duk wanda ya auri Chinatsu shi zai gaji makarantar da kakansu ya kafa, kuma tuni ya sa ido kan babban ɗalibinsa, Kensho.

"Salon kakana ba zai faɗa hannun mai gurnani ba," ya ce. "Kensho na nan."

"Baba, ni fa ba makaranta ba ce."

"Na gama magana."

Ta tura saƙo tana kuka: "Mori nawa, kada ka ƙara kirana. Baba ya ƙi."

Amsa ta zo: "Gimbiyata, share hawayenki. Zan ɗaura farar ɗamara."

A al'adar karate wanda ya sauya malami ba ya tafiya da baƙar ɗamararsa, daga farko yake somawa. Kuma Malam Shimoji ba malami kawai ba ne ga Morihiro, shi ya raine shi tun da teku ta ci mahaifinsa.

Morihiro ya durƙusa a gabansa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Malam Shimoji bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu bango ya sauke ɗan katakon da ke ɗauke da sunan yaron daga jerin ɗalibansa.

"Tafi. Ka gaishe su."

Haka ƙaton namiji ya koma ƙarshen layi a makarantar Tamanaha ta salon Shuri. Kensho na jibgarsa yana masa ba'a, "Saurayi, ina gurnanin?" Morihiro ya ci gaba da atisayensa. Chinatsu na gefe, zuciyarta na ƙuna. Aka daɗe a haka, har wata rana tsohon ya tsayar da atisaye.

"Taurin kanka ya fi ƙarfina. Ku sa rana."

Ranar biki aka ajiye kujerar uban ango, ba wanda ya zauna. Ana kiɗa ana rawa, idon ango na kan ƙofa. Tamanaha ya lura. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya je har gidan Malam Shimoji, ya sunkuyar da kai ga mutumin da bai taɓa gaisarwa ba.

Shi kaɗai ya dawo.

Morihiro ya rufe fuska, Chinatsu ta riƙe hannunsa tana hawaye. Tsohon ya wuce tasa kujerar, ya zauna a ta uban ango.

"Ni na raba ka da uba," ya ce. "Matso, ɗana. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare, kada wani ya yi wa 'ya'yanku abin da na yi maka."