Zangon Da Wayar Manaja Ba Ta Ji

Ranar Litinin da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda. An ɗauke na'urar hoton ciki daga wani ƙaramin asibitin kuɗi, jiya Lahadi da rana tsaka, ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba.

Sufeto ya ja tsaki. Shi a duniya ba abin da ya tsana irin satar da aka yi da makulli, don ɓarawon yana nan cikin masu taya ka jaje.

Ya ɗauki Sajan Dogo suka tafi. A ɗakin hoto ba abin da ya rage sai teburin ƙarfe da shatin na'urar a kan ƙura. Likita, mai asibitin, yana tsaye riƙe da ƙugu, idonsa jawur.

"Makulli nawa ne?" in ji Sufeto.

"Uku. Nawa, da na Manaja, da na mai shara. Ni jiya ina wani gari wurin taro."

"Kyamara fa?"

"An zare mata wuta ƙarfe ɗaya da minti goma. Ba a mayar ba."

Mai sharar dattijuwa ce, kowa Goggo yake ce mata. Shekara tara tana goge asibitin. Aka kira ta, ta zo tana murza bakin mayafi.

"Goggo, jiya ina kike?"

"Gida, ɗana. Ko ƙofa ban leƙa ba."

Ba su kai mota ba mai kantin magani na maƙwabta ya tare su. Ya ce shi da idonsa ya ga Goggo ta fito daga asibitin wajen sha biyu da rabi, da ƙatuwar jaka a ka.

Sufeto ya koma ciki rai a ɓace. "Haba Goggo! Da furfurarki?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce kayan wankin jikokinta ne. Famfon unguwarsu ya yi wata bai kawo ruwa ba, shi ya sa duk Lahadi take zuwa ta yi wanki a bayan asibiti a ɓoye. Tsoron kora ya sa ta yi ƙarya.

Sufeto ya yarda da ita har cikin ransa. Amma yardar Sufeto ba hujja ba ce. Da labari ya kai wa Yallaɓai, shugaban ofishin, cewa ya yi a kulle ta.

"Tana da makulli, an gan ta da jaka, ta yi ƙarya. Me kuma kake nema? Alhamis da safe a kai ta kotu."

"Yallaɓai, tsohuwar nan ko bokitin ruwa da ƙyar take ɗagawa."

"To kawo min wanda ya ɗaga. Kwana biyu gare ka."

Saura Manaja. Ɗan ƙanen mahaifin Likita ne, mutum mai turare da agogo, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Ya ajiye wata faffaɗar waya a kan tebur.

"Ni jiya ina ƙauye wurin Innata. Daga sha ɗaya har la'asar ina tsakar gidanta. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar ma na yi kiran bidiyo da Yaya Likita, ina cikin mota a ƙofar gidan."

"Da wace waya?"

"Da wannan mana. Layina ɗaya, wayata ɗaya. Daga ƙasar waje aka aiko min ita, ba irin ta kasuwa ba ce."

Likita ya tabbatar. Minti shida suka yi, hoto tar-tar, ko yankewa babu. Ƙauyen kuwa tafiyar awa biyu ce. Manaja ya sa hannu a bayaninsa ya fita yana gyara hula.

Sufeto ya rubuta wa kamfanin layi takarda, a gaya masa ta wace eriya kiran ya bi. Suka ce sai da umarnin kotu. Magatakardan kotu ya ce alƙali ya tafi hutu. Kamfani suka ƙara da cewa ko umarnin ya zo, sai sati biyu. Sufeto ya kife wayar ofis har sai da Sajan ya zabura.

"Sati biyu! Su a ɗakin sanyi, tsohuwa a bayan kanta!"

Talata da safe suka nufi ƙauye, a motar ofis mai tafiya tana tari. Mahaifiyar Manaja ta shimfiɗa musu tabarma a gindin bishiya.

"Inna, ɗanki ya zo ranar Lahadi?"

"Ya zo."

"Me ya kawo miki?"

Ta dubi ƙasa. "Ya zo dai."

Sufeto ya juya tambayar ta kowace fuska, a banza. Ya miƙe yana karkaɗe wando, yana jin an ƙona man mota a wofi.

A ƙofar gida ya tarar da Sajan ya ɗaga waya sama yana zagaye kamar mai neman wata.

"Kai kuma lafiya?"

"Oga, saƙon matata nake son buɗewa, ya ƙi. Garin nan ba intanet."

Sufeto ya zaro tasa tsohuwar mai fasasshen gilashi. Ga intanet nan cike, har saƙonni suna shigowa a guje.

"Ba layinmu ɗaya ba?"

"Ɗaya ne wallahi. Kuma tawa ta fi taka tsada, Oga, kar ka ji haushi. Ta ƙasar waje ce."

Sufeto ya tsaya cak. Ya dubi wayar Sajan, ya dubi ƙofar gidan Inna.

"Shiga mota."

A kasuwar waya akwai wata rumfa ta ƙanwar matarsa, wadda kowa ke kira Injiniya. Mace ce mai 'ya'ya uku, ga hannu ga baki. Ta gan shi ta yi dariya.

"A'a! Yau hukuma ce a rumfata? Yaya ta kore ka ne?"

"Bar wasa, don Allah. Layi ɗaya, wuri ɗaya, waya biyu. Ɗaya ta samu intanet, ɗaya ba ta samu ba. Me ke kawo haka?"

"Zango."

"Wane zango kuma?"

"Mijin Yaya, ba ka taɓa murɗa rediyo ba? Akwai gajeren zango, akwai matsakaici. Rediyon da ba a yi ta da gajeren zango ba, ko ka hau rufin ɗaki da ita ba za ta kamo shi ba. Waya ma haka take. Kowace eriya da zangon da take magana a kai, kowane zango da lambarsa. Eriyar gari tana da uku ko huɗu, kowace waya za ta samu nata. Ta ƙauye sau da yawa ɗaya tal, mai cin nisa. Wasu wayoyin waje kuwa don eriyar ƙasarsu aka ƙera su. A ƙauye sai dai ka ce salamu alaikum da baki, amma bidiyo? Sai a mafarki."

"Ta yaya zan san zangon da waya take kai?"

Ta karɓi wayar Sajan, ta danna tauraro da wasu lambobi. Wani baƙin shafi ya buɗe cike da ƙananan rubutu. Ta ɗora farce a kan wani layi.

"Ka gani? A nan tana kan zango na bakwai. Je ka da ita ƙauyen, wurin nan zai zama wayam. Kawo wayar mutumin naka in duba."

"Ba ta hannuna."

"To ni boka ce? Waya sai an je da ita wurin, ita za ta faɗa da bakinta."

Ta rubuta masa lambobin a bayan kwalin batir, kala biyu, don ba kowace waya ke buɗewa da iri ɗaya ba.

Ranar Laraba Yallaɓai ya ce babu man sake zuwa ƙauye. Sufeto ya zuba daga aljihunsa yana ƙunƙuni. Kafin su tashi ya leƙa bayan kanta. Goggo na zaune a lungu, abincin da aka kawo mata yana nan a rufe.

"Ɗana, gobe ne ko?"

Ya kawar da kai. Kunya ce ta kama shi, shi da kakinsa.

Suka biya asibiti suka ɗauki Manaja. Sufeto ya ce masa ƙa'ida ce kawai, za a nuna musu inda ya ajiye mota. Ya karɓi wayar Manajan ya miƙa wa Sajan, ya raɗa masa ya sa mata ido a hanya. Suna wuce gadar bakin gari Sajan ya taɓa kafaɗarsa ya gyaɗa kai. Manaja bai lura ba, yana ta ba su labarin yadda yake kula da Innarsa.

A ƙofar gidan Inna suka tsaya. Tsohuwar ta fito, ta ga ɗanta, ta dafa bango.

"Nan ka tsaya?" in ji Sufeto.

"Nan daidai."

Sufeto ya danna lambobin farko a wayar Manaja. Ba abin da ya buɗe. Ya danna na biyu, wayar ta ce lambar ba daidai ba ce. Zufa ta karyo masa. Manaja ya soma murmushi.

Sai Sufeto ya kira Injiniya ta bidiyo a tasa tsohuwar. Fuskarta ta fito tar.

"Abin nan naki ya ƙi!"

"Nuna min kwalin. Innalillahi! Mijin Yaya, a kife ka riƙe shi! Wancan shida ne, ba tara ba. Kuma ka rufe da alamar nan mai kama da tsani."

Sajan ya juya baya yana danne dariya. Sufeto ya sake dannawa, haƙora a cije. Baƙin shafin ya buɗe. Layin zango wayam.

"Yanzu duba taka," in ji ta.

Ya duba. Zango na ashirin.

"To eriyar garin nan a kan ashirin take magana. Karanto min lambar ƙirar tasa." Ya karanto. Ta duba. "Babu ashirin a cikinta. Ba a haife ta da shi ba. Ko shekara za ta yi a nan ba za ta yi bidiyo ba."

Sufeto ya miƙa wa Manaja wayarsa. "Kira Yayanka ta bidiyo. Minti shida nake so. Kai, ko minti ɗaya ma ya isa."

Manaja ya danna. Wayar ta yi ta juyi. Ya ɗaga ta sama, ya matsa gindin bishiya, ya hau kan dutse.

"Yau ne kawai. Ai kullum ina samu a nan."

"Da tsohuwar wayarka kake samu. Yaushe ka canza?"

"Wata... wata shida."

"Wata shida kana riƙe da ita, ba ka san ba ta aiki a ƙofar gidan uwarka ba?"

"To na tuna, a hanya na kira."

"Ka sa hannu cewa a nan ne. Amma mu bi taka. Sajan, a ina intanet ɗinta ya ɗauke?"

"Gadar bakin gari, Oga."

"Daga gada zuwa asibiti minti goma ne. An zare wa kyamara wuta ƙarfe ɗaya da minti goma, ka yi kira ɗaya da ashirin da biyar. Ina na'ura?"

Manaja ya sauko daga kan dutsen a hankali. Ya zauna a ƙasa da shaddarsa.

"Tana wani shago da na kama a bayan tasha." Ya sunkuyar da kai. "Shekara goma sha ɗaya ina riƙe masa asibiti, har yau sunana yaron Likita. Nawa wurin na so in buɗe. Na san Goggo na zuwa wanki, na jira ta fita. Na ɗauka kora kawai za a yi mata."

"Kora kawai," in ji Sufeto. "Allah ya isa tsakaninka da tsohuwar nan."

Nan take ya kira ofis. "Yallaɓai, a buɗe wa Goggo. Wanda ya ɗaga yana hannuna."

Sajan ya ɗaura ankwa. Inna ta matso, ba ta dubi ɗanta ba, Sufeto ta duba.

"Ɗan nan, ni ma a rubuta na yi ƙarya. Ya bugo min ya ce in an tambaya in ce ya zo." Ta share ido da bayan hannu. "Wata takwas ina roƙon Allah ya kawo min shi gida. Ban ce a motarku ba."

Manaja ya buɗe baki. "Inna..."

Ta juya ta shige gida. Sajan ya dafa masa kai, ya tura shi cikin mota.