Ƙirga Goma a Bakin Oben

"Wayyo Allah, ya sake ƙonewa!"

Araba ta dire farantin a kan teburin kicin, hayaƙi na tashi. Saman kek ɗin baƙi ƙirin, da ta soka wuƙa kuwa sai ga kwaɓi ya biyo ta ɗanye sharaf. Karo na uku ke nan a sati guda.

Saurayinta Kobina ya leƙo yana toshe hanci. "Wannan kek ne ko gawayi za ki fara sayarwa?"

"Kobina, wallahi ba na son wasa yau!" Sai hawaye shar.

Dole ta yi kuka. Duk garin Cape Coast an san mahaifiyar Kobina, Maame Ekua, wadda ta shekara arba'in tana gasa kek da burodi a tanderun ƙasa. Ita ce ta rantse dangi ba za su je ƙwanƙwasa ƙofar gidan su Araba neman aure ba, sai yarinyar ta gasa mata kek ɗin bota irin na gidansu. Ta faɗa mata awon fulawa, ƙwai da gyaɗar ƙamshi. Da aka zo batun wuta kuwa, cewa kawai ta yi, "Wutar da hannu zai jure ƙirga goma."

To ina Araba za ta kai wannan magana? Ita oben ɗinta na lantarki ne, mai fanka a ciki, lambobi kawai ya sani. Ta duba waya, aka ce ɗari da tamanin, ta murɗa ɗari da tamanin.

Kobina ya rage murya. "Bebi, ki saurare ni. Akwai wani kanti a unguwar Abura, kek ɗinsu kamar na Mama sak. Mu sayo, ki juye a farantinki, shi ke nan fa!"

"In fara zama da mahaifiyarka da ƙarya? A'a. Ni abin da ya dame ni, me ya sa waje ke ƙonewa ciki bai nuna ba? Akwai dalili, kuma sai na san shi."

Washegari da hantsi ta naɗe ƙonannen kek ɗin a tawul, ta nufi gidan Maame Ekua. Ta durƙusa ta buɗe shi.

"Mama, na kasa. Sau uku ina gwadawa."

Tsohuwar ta taɓe baki. "Shi ne kika kwaso min gawarsa in yi masa jana'iza?"

Maganar ta soki Araba, amma ta haɗiye. Maame Ekua kuwa ta gutsiri gefe, ta shinshina, ta tura yatsa tsakiya. Nan take fuskarta ta canja.

"Kwaɓin nan daidai yake. Wace irin wuta ce ke cin baya ta bar ciki? Ni dai tun da nake ban taɓa gani ba. Ɗauko min takalmina!"

Suna isa kicin ɗin Araba, aka kunna oben ya ɗauki zafi. Tsohuwar ta kasa kunne.

"Mene ne ke huci a ciki?"

"Fanka ce, Mama."

"Fanka? A cikin wuta? Zafi take ji ne?"

Kobina, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya kwashe da dariya, harara ɗaya ta sa ya kama bakinsa. Tsohuwar ta naɗe hannun riga, ta buɗe murfin, ta zura hannu cikin iskar.

"Ɗaya, biyu, uku... shida. Kai!" Ta fizge hannun tana yarfewa. "Yarinya, ai wannan wutar fifita ta ake yi! Kin taɓa ganin an ɗora abu a garwashi ana fifita bai babbake ba? Rage!"

Araba ta rage, aka jira, aka sake. Takwas. Ta ƙara ragewa. Wannan karon tsohuwar ta kai goma cif.

"Nawa lambarki ta ce?"

"Ɗari da sittin, Mama! Ashe gomanki ɗari da sittin ce!"

Tare suka kwaɓa sabo. Maame Ekua ta ja kujera ta zauna gaban gilashin, ta ƙura ido tana kallon kek yana tashi. "Ikon Allah! Shekara arba'in ina gasa shi a duhu, yau na ga yadda yake kumbura."

Ya fito jawur, wuƙa ta shiga ta fito tas. Tsohuwar ta ci loma ɗaya, sannan ta dubi ɗanta.

"Matar yayanka Ebo, da na yi mata wannan gwajin, kek ta kawo min mai kyau. Daga wani kanti a Abura ta sayo. Ba ta san ni nake gasa musu ba."

Kobina ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa.

"Har yau muna gaisawa, amma ban taɓa yarda da maganarta ba. Ni ba kek na rasa ba. Wadda za ta iya durƙusawa ta ce min ta kasa nake nema wa ɗana, don aure sai da gaskiya da haƙuri yake nuna har ciki." Ta kamo hannun Araba. "Tashi, 'yata. Ki gaya wa babanki ranar Asabar ya zauna kusa da ƙofa, za mu zo ƙwanƙwasawa."