Sawun Takalmi a Kan Sabon Masai

Auta yana da shekara tara. Shi ne ƙarami a gidansu, kuma shi ne ɗan gaban goshin Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Ba ta son wasa da aiki, ba ta son a ce mata ta tsufa. Ita ke ɗinke jakar makarantar Auta idan ta yage. Ita ke tsayawa a kansa har ya cinye abincinsa. Tana kiransa "Maigidana", wai shi ne mijin da bai taɓa ba ta kuɗin cefane ba.

Amma gwiwoyin Kaka sun fara ciwo. Banɗakin gidan kuwa na tsugunno ne.

Wata safiya Kaka ta shiga banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Can sai aka ji ta tana kiran Umma a hankali. Ta tsugunna, ta kasa tashi. Umma ta shiga ta ɗago ta.

Ranar, har yamma Kaka ba ta yi wa kowa magana ba. Ko tsokanar Auta ba ta yi ba.

Da yamma ta ce wa Baba, "Zan koma gidan ƙanwarka. Su nasu na zama ne. Ba zan zauna a inda sai an ɗaga ni kamar buhu ba."

Baba ya ce, "Inna, ki je ki huta na mako ɗaya kawai. Kafin ki dawo mun canza namu."

Kaka ta ce, "Idan kun canza, in dawo. Idan ba ku canza ba, ku aiko min da akwatina."

Auta ya ji wannan maganar. Gidan Gwaggo da nisa. Sai an hau mota biyu.

Washegari Kaka ta tafi, Baba ya kira mai gyaran famfo. Dogon mutum ne, da fensir a bayan kunne. Ya shiga banɗakin, ya auna bango, ya ƙwanƙwasa ƙasa da guduma.

Baba ya ce, "Ba dai a cire wannan a ɗora wancan ba ne?"

Mai famfo ya yi dariya. "Kowa haka yake cewa, Yallaɓai. Ai ba hula ba ce. Sai an fasa ƙasa. Ramin na tsugunno yana tsakiya, na zama kuma yana son jikin bango. Dole a matsar da bututu."

Ya ciro fensirinsa, ya rubuta a bayan kwali. Masan tangaran da tankinsa, dubu sittin. Bututu da gam, dubu goma sha biyar. Siminti da yashi, dubu goma. Tayil ɗin da za a maye, dubu goma. Aikin hannu, dubu ashirin da biyar.

Baba ya kalli kwalin, ya sosa kai. "Dubu ɗari da ashirin? Malam, masai za ka sa min ko kujerar jirgi?"

"Kujerar jirgi ta awa biyu ce. Wannan kuwa har jikokinka."

Baba tela ne. Ya so sayen sabon inji na keken ɗinkinsa, sai ya fasa. Umma ta ƙara da kuɗin ƙanƙarar da take sayarwa. Yaya, wato yayar Auta, ta ce a bar maganar sabon takalminta. Haka aka haɗa kuɗin, ba wanda ya yi ƙorafi.

Kwana biyu ana aiki. Gidan ya cika da ƙarar guduma. Da yammacin rana ta biyu aka zaunar da sabon masai a kan ɗanyen siminti. Fari ne tas, yana ƙyalli.

Mai famfo ya ɗaura igiya a bakin ƙofa. Ya ce, "Kada kowa ya taɓa shi sai jibi. Siminti bai san gaggawa ba. Ku lallaɓa da na maƙwabta."

Kowa ya ce to. Auta ma ya ce to.

Da safe Auta ya makara. Ya ɗauki buta, ya ruga gidan maƙwabta. Mutum uku ne a gabansa, na cikin kuma kamar ya yi hayar wurin. Cikin Auta yana juyawa. Ga lokacin makaranta yana tafiya.

Ya dawo gida. Umma tana kicin. Baba ya fita shago. Auta ya kalli igiyar.

"Sau ɗaya ne," ya ce a ransa. "Wa zai sani?"

Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, ya rufe ƙofa.

Sai ya tsaya yana kallon abin. Bai taɓa amfani da irinsa ba. A gida na tsugunno ne, a makaranta ma haka. Ya gwada zama, ƙafafunsa suka yi lilo, ba su taɓa ƙasa ba. Ya ji kamar zai zurma ciki.

Da zai leƙa ya tambayi Umma, da magana ta ƙare. Amma wanda ya shiga ta ƙarƙashin igiya ba ya tambaya.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya dafa tankin, ya ɗora ƙafar dama a gefe ɗaya, ya ɗora ta hagu a ɗaya gefen. Ya tsugunna a sama da takalminsa.

Masan ya motsa. Ya karkata hagu. Auta ya riƙo tankin da ƙarfi, murfin tankin ya zame, ya faɗo kan bakin tangaran ɗin. Ji kake ƙwas.

Auta ya diro ƙasa. Bai ji ciwo ba, Allah ya tsare. Amma wata tsaga siririya ta sauko daga bakin masan har gindinsa.

Ya tura masan ya daidaita shi. Ya mayar da murfin. Ya shafe simintin da hannu. Ya fita ta ƙarƙashin igiya, ya tafi makaranta.

A aji ya kasa zama wuri ɗaya. Malama ta yi masa tambaya sau biyu bai ji ba.

Ta ce, "Kai, yau jikinka ne kawai ya zo. Ina ka baro hankalinka?"

"A gida, Malama."

'Yan aji suka yi dariya. Malama ba ta yi ba. Da aka fita hutun tara ta kira shi.

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Malama, idan mutum ya ɓata abu, ba wanda ya gan shi fa?"

"Shi ai ya ga kansa. Ko ba haka ba?"

Auta ya sunkuyar da kai.

Malama ta ce, "Ɓarna kamar yagewar riga ce. Babanka tela ne, ka tambaye shi. Wadda aka kawo da wuri allura take ci. Wadda aka ɓoye sai an sayi yadi."

Auta ya yi niyyar faɗa da ya koma gida. Amma da ya ga Baba yana cin abinci, yana ta murna an kusa gamawa, sai ya fasa. Ya ce gobe.

Goben ta zo. Da Auta ya dawo daga makaranta, ya tarar da Baba da mai famfo a ƙofar banɗaki. An buɗe ruwa don gwaji. Ruwan yana bin tsagar, yana malala a kan sabon tayil.

Baba yana faɗa. Ba ya yawan faɗa, amma ranar ransa ya ɓaci.

"Fasasshe ka sayo min, ka karɓi kuɗin sabo. Ba zan cika maka kuɗin aikinka ba. Kuma duk layin nan sai sun ji."

Mai famfo ya ce, "Yallaɓai, shekarata ashirin ina wannan aiki. Da hannuna na ƙwanƙwasa shi a shago, lafiyayye ne."

"To aljani ne ya fasa?"

Mai famfo ya shiga banɗakin. Ya durƙusa ya duba bakin masan. Akwai sawu biyu a kai, na ƙaramin takalmi, da busasshen siminti a jikinsu. Auta ya shafe ƙasa, ya manta da sama.

Mutumin ya ɗago. Ya kalli ƙafar Auta, ya kalli fuskarsa. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan sawun, ya yi shiru.

Wannan shirun ya fi bulala zafi. Ana zagin mutum a kan laifin Auta, shi kuma yana rufa masa asiri.

Auta ya ajiye jakarsa. Muryarsa ta fito ƙarama.

"Baba, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na shiga jiya. Na hau kai da ƙafa. Ban iya zama ba. Murfin ya faɗo."

 Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta kama Auta, ta juya shi gaba da baya.

"Ka yanke? Nuna min ƙafarka. Ka san tangaran idan ya fashe wuƙa ne?"

"Ban yanke ba, Umma."

Baba ya juya wurin mai famfo. "Malam, ka yafe min. Na ci mutuncinka a banza."

"Ya wuce, Yallaɓai."

"Bai wuce ba tukuna." Baba ya dubi Auta. "Zo ka ba shi haƙuri. Saura kaɗan ka raba mutum da sunansa."

Auta ya durƙusa, hawaye na zuba. "Ka yi haƙuri, Malam."

"Tashi, ɗan samari. Ba kai ne na farko ba. Na ga manya masu gemu sun hau da ƙafa."

Tankin bai lalace ba. Amma masan ba ya liƙuwa, sai sabo. Dubu arba'in, ban da siminti.

Baba ya ce, "Yanzu ba ni da su. Sai na gama ɗinkin kayan makarantar da aka kawo. Mako biyu ke nan."

Auta ya ce, "Kaka fa?"

"Kai za ka gaya mata."

Baba ya kira wayar Gwaggo, ya miƙa masa. Auta ya faɗi komai, bai rage ba.

Kaka ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Maigidana, cefane ba ka bayarwa, ga ɓarna kuma. Ba ni ubanka."

Auta ya miƙa wa Baba wayar, yana jin muryarta daga nesa. Tana cewa, "Mako biyu na ba ku. Kada a dake shi. A sa shi aiki."

Aka kuwa sa shi. Auta ya fasa asusunsa na sayen ƙwallo. Kuɗin bai kai ko'ina ba, ƙaramin siminti kawai ya saya. Baba ya karɓa, bai ce a bar shi ba. Kullum bayan makaranta Auta yana shago, yana cire zare, yana ninke riguna. Abokansa suna wasa a fili, shi yana jin ihunsu.

Ranar Asabar ta biyu mai famfo ya dawo da sabon masai. Auta ne ya tankaɗe yashi. Shi ya ɗebo ruwa. Ya ga yadda ake kwaɓa siminti, ya ga yadda ake ɗora ma'auni don kada abu ya karkace. Bayansa ya yi ciwo.

Ya ce, "Malam, yaya ake amfani da shi daidai?"

"Yawwa. Da wannan ka fara, da ka huta." Mai famfo ya nuna masa yadda ake zama, da yadda ake danna ruwa, da abin da ba a jefawa ciki. Ya ɗauki guntun katako, ya haɗa masa ɗan benci na ɗora ƙafa.

Wannan karon Auta da kansa ya ɗaura igiyar. Kwana biyu yana gadinta. Ko Yaya ta bi ta wurin sai ya ce, "A yi nesa."

Yaya ta ce, "Ka ji ɓarawo ya zama mai gadi."

Ranar Talata da yamma Kaka ta dawo. Auta ya karɓi jakarta tun daga bakin titi. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta wuce banɗaki kai tsaye. Ta ƙwanƙwasa masan da sandarta. Ta girgiza shi, bai motsa ba.

Ta ce, "Ba laifi."

A bakin Kaka, wannan babban yabo ne.

Ta juya wurin Baba. "Kai ma da naka. Ka kawo sabon abu gida, ka ɗaura igiya, ba ka koya wa yaro ba. Igiya tana magana ne?"

Baba ya yi murmushi. "Gaskiya ne, Inna."

"Kai kuma," ta nuna Auta da sanda, "me ka koya?"

"In an ce a jira, in jira. Abin da ban sani ba, in tambaya. In na yi ɓarna, in faɗa da wuri kafin a ɗora wa wani."

"To riƙe su. Sun fi ƙwallo tsada."

Kowa ya watse. Umma ta koma kicin, Baba ya tafi alwala. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tankin. Ta leƙa hagu, ta leƙa dama. Sai ta yafito Auta, ta rage murya.

"Na gidan Gwaggonka igiya ake ja. Wannan ban ga igiya ba. Ina ake taɓawa?"

Auta ya buɗe baki. "Kaka, ke ma ba ki sani ba?"

"Da na sani zan tambaye ka? Wanda ya tambaya ya ji kunyar minti ɗaya. Wanda ya ƙi, ka ga abin da ya biya. Nuna min."

Auta ya kama yatsanta, ya ɗora a kan maɓallin. Suka danna tare. Ruwa ya sauko da ƙarfi, ya wanke, ya tsaya. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Kaka ta gyaɗa kai.

"To fita ka ja min ƙofa, Maigidana. Kuma ka kai jakata ɗakina, ka zazzage kayan. Na dawo ke nan."